Kayan Gyaran Babur Domin Doguwar Tafiya

Wannan bayani an shirya shi ne saboda Hakimai da Malamansu, gama wurinsu mai niyyar fita ƙasar waje yakan fara zuwa neman takarda ko shawara. In a kan babur zai tafi, ya kamata a tambaye shi abin da ya tanada na gyara, kamar yadda ake tambayarsa guzuri.

Ran 11 ga Disamba 1934 waɗansu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan bisa babur ƙirar Panther mai akwatin zama a gefe. Suka ratsa Hamada ta Tamanrasset, amma kafin su kai Agadas inji ya lalace. Tilas suka yi zaman jiran kayan gyara a Agadas, suka sāke haɗa injin, sa'an nan suka gangaro Kano. Ba su isa Cape Town ba sai ran 29 ga Yuli 1935. Abin lura a nan shi ne, ba mai iya ɗaukar dukan abin da zai iya lalacewa. Nauyi kansa ɓarna ne, yana karya sifok, yana cin taya, yana nutsar da babur cikin rairayi. Saboda haka sai a kasa kaya kashi uku.

Kashi na fari, abubuwan da lalle za su ci. Su ne tib na gaba da na baya, da faci da famfo, da takalmin birki, da baƙin mai, da matatar iska. A cikin rairayi akan rage iskar taya don kada babur ya kafe, a mayar in an hau tsandauri, don haka famfo ba abin bari a gida ba ne. Ƙura kuwa, in ta sami hanyar shiga inji, takan cinye shi da sauri.

Kashi na biyu, ƙananan abubuwa marasa nauyi waɗanda rashin ɗaya daga cikinsu yakan tsai da tafiya ɗungum. Watau fulogi, da wayar kuloci, da wayar totur, da mahaɗin sarƙa, da sifok, da boris na ƙafa, da fis, da ƙwan fitila, da noti da ƙusoshi. Daga Tamanrasset zuwa In Gezzam wajen mil 250 ne na Hamada. Wanda wayarsa ta tsinke a tsakani ba shi da kasuwar da zai nufa.

Kashi na uku, manyan kaya kamar fistin da kan inji. Waɗannan ba a ɗaukarsu. A bar kuɗinsu hannun amintacce a gida, wanda zai saya ya aika in an buƙata. A nan aikin Malami yake: ya rubuta sunan ƙirar babur, da shekarar da aka ƙera shi, da lambar inji da ta firam, takarda biyu, ɗaya ga matafiyi, ɗaya ga wakilinsa. Kuskuren lamba ɗaya yakan sa a aiko da abin da bai shiga ba, a ƙara zaman makonni. Ma'aikatan kwastan ma sukan duba lambobin nan a kan iyaka.

Tun kafin ranar tashi a sa sabuwar taya da sabuwar sarƙa. Matafiyi ya kwance ƙafar babur da hannunsa a gida, ya fid da tib ya mayar, da sifanun da zai tafi da su kaɗai. Sifanar da aka nema aka rasa a ƙofar gida, ita ce za a rasa a daji. Ya fi kyau kuma a zaɓi ƙirar da bakanikan ƙasashen da za a ratsa suka saba da ita.

Hakimin da ya ga shirin mutum bai cika ba, ya ba shi shawara ya jinkirta har ya kammala.