Asabar: Hutu da Rayuwar Majami'a a Wurin Yahudawa

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a birnin Katsina ya san wata Asabe ko wani Ɗan'asabe, kamar yadda ya san Jummai da Ɗanjuma. Kowa ya san ranar haihuwa ce ta jawo musu waɗannan sunaye, amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya tambayi ma'anar sunan ranar ita kanta ba. Idan aka dubi ranakun mako na Hausa, za a ga biyar daga cikinsu ƙidaya ce kurum ta Larabci, watau Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Ranaku biyu ne kaɗai ke ɗauke da wata ma'ana ta daban. Juma'a tana nufin taruwa, Asabar kuwa tana nufin dakatar da aiki. Wannan maƙala za ta bi sawun ma'anar ta biyu zuwa wurin mutanen da suka fi kowa riƙo da ita, watau Yahudawa, domin a ga yadda hutun yini guda ya riƙe al'umma, sa'an nan a waiwayo Katsina.

Asalin Kalma

Hausa ta aro Asabar daga kalmar Larabci as-sabt, ita kuma 'yar'uwar kalmar Ibrananci ce, shabat, wadda tushenta ke nufin daina aiki. Sauyawar harafin t zuwa r a ƙarshen kalma sananniyar ƙa'ida ce a Hausa, kamar yadda Basakkwace kan ce biyat, Bakano ya ce biyar. Wani abin lura kuma shi ne kalmar sati, wadda ke gogayya da mako a bakin jama'a, ta samo asali ne daga sunan da Turawan Ingila ke kiran wannan rana. Ke nan sau biyu Asabar ta shigo Hausa, sau ɗaya ta hamada, sau ɗaya ta teku.

Dalilan Hutun

Kiyaye Asabar yana cikin dokoki goma da ke cikin Attaura, kuma dalili biyu aka bayar. Na farko shi ne tunawa da halittar duniya cikin kwana shida da tsayawar aikin a rana ta bakwai. A nan akwai bambancin aƙida, domin Alƙur'ani mai girma, a Suratu Ƙaf, ya kore wa Allah gajiya. Malaman Yahudawa ma sukan fassara kalmar da tsayawa, ba da huce gajiya ba. Dalili na biyu shi ne tunawa da bautar da Bani Isra'ila suka yi a Masar. Saboda haka dokar ba ta tsaya kan maigida ba, ta haɗa da 'ya'yansa da barorinsa da baƙonsa, har da sansa da jakinsa. Wanda ya ɗanɗani bauta bai kamata ya kwanta yana hutawa wani na yi masa bauta ba. Alƙur'ani ya tabbatar da cewa an ɗora wa Bani Isra'ila wannan doka, kuma a Suratul A'araf an kawo labarin mutanen wani gari na bakin teku da suka keta ta saboda kwaɗayin kifi.

Yadda Ake Kiyaye Ta

A lissafin Yahudawa, kamar a lissafin Musulmi, dare ne ke gaban yini. Asabar tana shiga da faɗuwar ranar Juma'a, ba ta fita sai taurari uku sun bayyana a daren da ke biye, kimanin awa 25 ke nan. Masu iya magana kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to haka Asabar take a gidan Bayahude. Kafin ta shigo an yi cefane, an yi girki, an share gida, an yi wanka, an sa tufafi masu kyau. Kimanin minti 18 kafin faɗuwar rana uwargida takan kunna kyandir biyu. Bayan an dawo daga addu'a, maigida yakan sa albarka a kan ƙoƙon ruwan inabi da burodi biyu, waɗanda ke tuna rabo biyu na mannu da ake tsinta ran Juma'a a zamanin Annabi Musa (A.S.), domin ba ya sauka ran Asabar.

Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya lissafa ayyuka iri 39 da aka hana. Daga cikinsu akwai huɗa da shuka da girbi da niƙa da gashi da saƙa da ɗinki da rubutu da gini da rushewa da hura wuta da kashe ta, da kuma fitar da kaya daga gida zuwa waje. Ba nauyin aiki ake dubawa ba, abin dubawa shi ne ko aikin yana ƙirƙirar wani abu ko yana sauya shi. Don haka mutum na iya ɗaga kujera mai nauyi a cikin ɗakinsa, amma ba zai ƙyasta ashana ba. An kuma iyakance tafiya a bayan gari, ba ta wuce kamu 2,000, watau kimanin kilomita guda. Masu tsananta riƙo a wannan zamani ba sa tuƙa mota, ba sa taɓa makunnin lantarki, ba sa ɗaukar waya, ba sa taɓa kuɗi. Abu ɗaya ne ke ture dukkan waɗannan dokoki, shi ne ceton rai. Idan haihuwa ta zo ko ciwo ya tsananta, wajibi ne a keta Asabar. Ba dukkan Yahudawa ke tsanantawa haka ba, domin tun ƙarni na 19 aka sami masu sassauci a Jamus, daga baya suka yawaita a Amurka.

Hutun bai tsaya kan mako ba. Attaura ta ce duk shekara ta bakwai a bar gona ta huta, abin da ya tsiro da kansa kuma rabon matalauta ne da dabbobi, sa'an nan a yafe basussuka. Ana kiran wannan shekara shemita, ta baya-bayan nan kuwa ta faɗo ne daga 2021 zuwa 2022. Daga wannan al'ada Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗauko hutun shekara ta bakwai ga malamanta a 1880, wanda a jami'o'in Nijeriya ake kira sabatikal.

Majami'a

Da farko cibiyar ibadar Yahudawa ita ce babban ɗakin ibada na Ƙudus, inda ake yanka da hadaya. Bukhtanasar na Babila ya rushe na farko a shekara ta 586 kafin Miladiyya, Rumawa suka rushe na biyu a shekara ta 70 Miladiyya. Daga nan nauyin addini ya koma kan majami'a, addu'a da karatu suka maye gurbin yanka. Sunanta da Ibrananci bet keneset, watau gidan taruwa. Kalmar majami'a ta Hausa ta dace da wannan ma'ana ƙwarai, domin tushenta ɗaya da jama'a da jam'i da jami'a da Juma'a.

Majami'a tana fuskantar Ƙudus. A bangon gaba akwai ma'ajiyar naɗaɗɗun fatun Attaura da aka rubuta da hannu, akwai kuma dandamali da ake hawa a yi karatu. Ba a yin addu'ar jam'i sai mutum goma baligai sun hallara, wannan adadi shi ake kira minyan. An kasa Attaura kashi 54 domin a sauke ta cikin shekara guda, kuma kowace safiyar Asabar ana kiran mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya su hau dandamali. Yaro idan ya cika shekara 13 akan kira shi ya yi karatu a gaban jama'a, daga ranar ya shiga cikin waɗanda ake ƙidayawa. Malamin majami'a, wanda ake kira rabbi, aikinsa koyarwa ne da ba da fatawa, duk wanda ya iya kuwa yana iya jan addu'a.

A nan ne hutu da taruwa suka haɗu. Tun da ba a hawa abin hawa ran Asabar, tilas kowa ya zauna inda ƙafarsa za ta kai shi majami'a, sai gidaje suka kewaye ta, unguwa ta kafu. Tun da goma ake bukata, talaka na goma daidai yake da attajiri na farko, kuma duk wanda bai zo ba sai an lura, a je a dubo ko lafiya. Tun da babu ciniki, babu wanda ke sauri, akan tsaya a gaisa, a gayyaci baƙo cin abinci, a zauna karatu da rana. A majami'a ake sanar da haihuwa da aure da rasuwa, a nan yara ke koyon karatu, a nan ake tsara taimakon marayu da matafiya a sauran ranakun mako. Da haka mutanen da suka warwatsu cikin ƙasashe masu harsuna dabam-dabam suka riƙe kamanninsu shekaru kusan dubu biyu.

Majami'ar Tamantit da Birnin Katsina

Ba a san Katsina da majami'a ba, amma tarihinta ya gogi labarin wata. A arewa da hamada, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, akwai dausayin Tuwat, zangon ayarin da ke zuwa ƙasar Sudan. A garin Tamantit na Tuwat akwai Yahudawa maƙeran zinariya da fatake. Wani ɗan kasuwa mutumin Jenowa ta Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga can a 1447 yana bayyana cewa suna da yawa kuma suna zaune lafiya. Sai Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya yi fatawa cewa sun saɓa sharuɗɗan amana, saboda haka a rushe majami'arsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba, yana ganin suna da haƙƙin riƙe wurin ibadarsu. Aka aika da tambaya ga malaman Tilimsan da Fas da Tunis, su ma suka rabu. Daga ƙarshe, wajen 1492, aka rushe majami'ar, aka kashe wasu, saura suka watse.

Wannan Shehu Magili shi ne ya ratso ta Azbin ya zo ƙasar Hausa, ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafi kan sarauta. Ya kuma zauna a Katsina ya koyar, har ruwayoyin baka suna haɗa sunansa da masallacin Gobarau, wanda hasumiyarsa ke tsaye har yau. Ɗalibin Hausa ya fi sanin Magili ta wannan fuska, amma sanin ɗaya fuskar yana da amfani. Yana nuna cewa malaman Musulunci na wancan zamani sun yi saɓani a kan haƙƙin maƙwabcin da ba Musulmi ba, yana kuma nuna cewa al'ummar da majami'a ta riƙe takan watse idan majami'ar ta faɗi.

Juma'a da Asabar a Katsina

Bakatsine ya san daɗin taruwa. Ran Juma'a akan fito daga Masanawa da Gambarawa da Yarinci da Rafindaɗi cikin manyan riguna, a cika masallaci da harabarsa, a yi sadaka, bayan an sauko a shiga ziyarar dangi. Masallacin unguwa kuma yana yin yawancin ayyukan da aka lissafa wa majami'a. Amma Juma'a ba ranar barin aiki ba ce baki ɗaya. Suratul Jumu'a ta yi umurni da barin ciniki idan an yi kira, ta kuma ba da izinin watsuwa neman arziki da zarar an idar da salla. Hutun da aka sani a gargajiyance shi ne na makarantar allo, Alhamis da Juma'a. Hutun Lahadi kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi, na Asabar ya biyo baya a ofisoshin gwamnati.

To, wa ke hutawa? Ma'aikacin gwamnati yana da kwana biyu, amma Asabar ɗinsa ta ƙare a ɗaurin aure da gona da neman abin cike gibin albashi. Malamin jami'a da ya sami sabatikal sau da yawa wata jami'ar yake komawa ya ci gaba da koyarwa, hutun jaki da kaya a ka. Mai ga-ruwa da ɗan dako da lebura da 'yar aikin gida kuwa kwana bakwai ɗinsu duk ɗaya ne, ranar da suka zauna ranar tukunya ba ta hau murhu ba, ko kuma uwarɗaki ta yi fushi.

Kammalawa

Ba a ɗora wa Musulmi dokar Asabar ba, kuma ba manufar wannan maƙala ba ce a aro ta. Abin da nazarinta ke koyarwa shi ne hutu ba ya tabbata idan an bar kowa ya nema wa kansa, domin mai ƙarfi ne kaɗai zai samu. Yana tabbata ne idan jama'a ta tsayar da lokaci guda, ta sa bara da maigida a cikinsa. Musulunci ya riga ya hana ɗora wa bara ko dabba abin da ya fi ƙarfinsu. Saura ga magidanta da masu ɗaukar ma'aikata a Katsina su duba ko Asabe da ke yi musu wanke-wanke ta taɓa samun yini guda da za ta kira nata.