Ƙugiyar da Turawa suka ce ba za ta kama kifi ba

A shekarar 1769 jirgin Kyaftin James Cook ya isa Niyu Zilan, ya tarar da mutanen Maori, waɗanda kifi ne babban abincinsu. Cikin kayan da Turawan suka karɓa a hannunsu akwai ƙugiyoyi na ƙashi da itace da ɓawon dabbobin teku, domin a lokacin Maori ba su san ƙarfe ba. Joseph Banks, masanin tsirrai da ke cikin jirgin, ya duba ya ce ƙirar ba ta yi kyau ba. William Anderson, likitan jirgi a tafiyar Cook ta uku, ya rubuta a 1777 cewa baƙo zai rasa gane yadda wannan abu zai yi aikin da aka yi shi dominsa.

Duk wanda ya taɓa riƙe fatsa zai ba su gaskiya. Ƙugiyar da muka sani tsininta sama yake kallo, kifi na taɓawa ka fizga, ta soke shi. Ta Maori kuwa kusan zobe ce. Tsinin ya lanƙwaso ciki yana kallon jikin ƙugiyar, ratar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce, wasu ma ba su da kunnen da ke hana ƙugiya zarewa. Ka ja ta a tafin hannunka, sai ta zame ba ta ko karce ka ba. To da me waɗannan mutane suke cika kwalekwale da kifi?

Amsar farko da aka bayar mai sauƙi ce: ai waɗannan na ado ne ko na tsafi. Abin da ya ƙara wa wannan zato ƙarfi shi ne Maori da kansu sun yi watsi da su bayan ƙarfe ya samu, har masanan ƙirar suka ƙare. Daga baya kuma aka riƙa sassaƙa na jabu ana sayar wa masu tara kayan tarihi, aka cakuɗa gaskiya da ƙarya a gidajen adana kayan tarihi na Turai. Sai dai zaton yana da rauni babba. Irin wannan ƙira ta bazu a tsibiran Fasifik masu nisa da juna, kuma masunci ba ya ɓata kwanaki yana goge ƙashi don abin da ba zai ciyar da gidansa ba.

Bakin zaren ya fito daga wani wuri dabam. A farkon shekarun 1980 masuntan kifin halibut na Alaska da Kanada, masu shimfiɗa doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙasan teku, suka koma ƙugiya mai zagaye ta ƙarfe. Hukumar da ke kula da wannan kifi ta gwada, ta ga kamun ya haura ninki biyu. A lura da abu ɗaya: igiyar da aka bari a ƙasan teku babu mai fizgarta. Ke nan ƙugiyar da kanta take kamawa, kuma kusan kullum a kusurwar baki ake samunta.

Daga nan lissafin ya fito. Kifi ya haɗiye abincin, ya juya zai tafi, igiya ta miƙe. Da yake tsinin yana kallon ciki, ƙugiyar ba ta samun abin sokewa a maƙogwaro, sai ta zamo ta biyo igiya har bakin. A nan igiyar ta karya kwana a kan muƙamuƙi, ƙugiyar ta wulkita, ƙashin muƙamuƙin ya faɗa cikin 'yar ratar nan, tsini ya shige. Kifi na ƙara ja, tana ƙara kullewa, shi ya sa kunne bai zama dole ba. Chris Paulin, wanda ya yi aiki a gidan tarihin Te Papa da ke Wellington kuma ya bi diddigin ƙugiyoyin Maori, ya nuna wani abin da Turawan farko ba su kula ba: ɗaure abincin ake yi da zare a gindin ƙugiya, a bar tsini da rata a fili.

Mai fatsa a gaɓar teku ya fi kowa buƙatar wannan. Yana tsaye a rairayi, ya wurga igiya can bayan inda raƙuman ruwa ke karyewa, ya kafa sandar ya jira. Iska da ruwa sun yi wa igiyar ciki, ga igiyar, da yake ta roba ce, tana miƙewa. Kafin fizgarsa ta isa, kifi ya tofar ko ya haɗiye har ciki. Haɗin da ya dace sananne ne: dalma mai siffar dala, wadda ke nutsewa a yashi ta riƙe, a sa ta yadda igiya za ta riƙa zamewa ta cikinta, sai ƙaramin majuyin ƙarfe, sai guntuwar igiya mai kauri, sai ƙugiya. Kifi zai ɗauka ya tafi bai ji nauyin dalma ba. Guntuwar igiyar in ta yi tsawo takan riƙa wulwulawa a iska ta rage nisan jifa, don haka a taƙaita ta.

Hukuma ma ta shigo maganar. Tun daga 1 ga Janairu 2021, a gaɓar Atlantika ta Amurka, mai kamun kifin bas mai zane don nishaɗi da abinci na gaske dole ya sa ƙugiya mai zagaye wadda tsininta bai karkace gefe ba, don kifin da aka saki ya rayu.

Duk da haka za ka ji wanda ya sayi mai zagaye ya ce bai kama komai ba. Ka tambaye shi abu uku. Ko ya fizga? Fizga tana zare ta daga baki kafin ta juya. Ko ya cusa abinci har ya toshe ratar? Ko ratar ta yi wa muƙamuƙin kifin da yake nema kaɗan? A ganina yawancin ƙorafin na farkon ne, domin hannun da ya saba fizga da wuya ya haƙura. Ga ƙananan kifaye masu tsakurar abinci, da kifin roba da ake ja, tsohuwar ƙugiya tana nan da amfaninta. Amma in ka kafa sanda a rairayi da mai zagaye, ka ga kan sandar ya sunkuya, kada ka fizga. Ɗauki sandar, ka naɗe igiya a hankali har ka ji nauyi.