Yadda Ake Kwatanta Hotunan Kyamarori Bisa Adalci

Yawancin masu sayen kyamara sukan fara duba adadin megafiksel, wato miliyoyin ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su ba da hoto guda, alhali wannan adadi ba ya nuna yawan hasken da kyamara ke tarawa. Abin da ke tara hasken shi ne sensa, faifan da ke bayan gilashin kyamara, kuma girmansa ya bambanta ƙwarai, domin babban sensa milimita 36 ne a faɗi da 24 a tsaye, na tsarin Micro Four Thirds kuwa 17.3 da 13, kusan rubu'in wancan. Shi ya sa kyamarar Sony A7S III mai babban sensa da megafiksel 12 kacal take fitar da hoto tsaf cikin ƙarancin haske, yayin da wayar Samsung Galaxy S23 Ultra mai ƙaramin sensa da megafiksel 200 takan haɗe ɗigo 16 su zama ɗaya kafin ta ba da hotonta na yau da kullum.

Gwajin gaskiya yana buƙatar a ɗauki abu ɗaya cikin haske ɗaya, a kafa kowace kyamara bisa matokari mai ƙafa uku don kada hannu ya girgiza ta, sannan a daidaita faɗin kafar da haske ke shiga da tsawon lokacin da take buɗe. Ya fi kyau a adana hoton a tsarin RAW, wato ɗanyen bayanin da sensa ya ɗauko, saboda hoton JPEG ya riga ya bi ta hannun manhajar kyamara, wadda kan ƙara kaifi da launi gwargwadon ɗanɗanon kamfanin da ya ƙera ta.

Kuskuren da ya fi yawa, har a tsakanin ƙwararru, yana aukuwa ne lokacin dubawa. Idan aka buɗe hoto mai megafiksel 45 da mai 12 a kwamfuta, aka faɗaɗa kowanne zuwa kashi 100, na farkon ya fi samun faɗaɗawa nesa ba kusa ba, don haka gurɓacewar nan mai kama da an watsa wa hoto yashi za ta fi bayyana a cikinsa, har a yi masa hukuncin da bai cancanta ba. Maganin wannan shi ne a mayar da hotunan biyu girma ɗaya, ko a wanke su a takarda iri ɗaya, kamar yadda cibiyar gwajin kyamarori ta DxOMark ke rage hotuna zuwa megafiksel 8 kafin ta ba sensa maki.