Ko Kun Sani? Toka Tana Wanke Maiƙo

Tokar itace, wadda aka daɗe ana goge tukwane da ita, tana ɗauke da fotash, wato wani gishiri mai kaifi da yake narkewa cikin ruwa, ya haɗu da maiƙon da ya manne a jikin tukunya, ya mai da wani ɓangarensa sabulu, yayin da ɓarɓashinta yake kankare ƙanzo da baƙin hayaƙi. Ta wannan hanya ake yin sabulun salo, inda ake tace ruwan toka a dafa shi da man kaɗanya ko manja. Sai dai ruwan toka mai kauri yana cin fatar hannu, yana kuma dusashe tukunyar alminiyum idan ya jima a cikinta, don haka ya kamata a ɗauraye da wuri.