Rediyon da Ake Mayar wa da Magana

'Yan'uwa manoma, daga Gumel har Sule Tankarkar da wuya a sami ƙauyen da ba akwatin rediyo. Tun 1957 BBC take yi mana magana da Hausa. Amma namu sauraro ne kawai.

Akwai kuwa waɗanda su ma suke aika magana, don sha'awa. Mutum ya nemi lasin daga gwamnati, ya ɗaura doguwar waya tsakanin itatuwa biyu, ya haɗa na'urarsa da batirin mota. Ta gajeren zango muryarsa takan bugi sararin sama, ta sauko a Turai ko Amurka. Lambar kiran ɗan Nijeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar, ƙetaren Maigatari, da 5U. In sun gaisa sukan aika wa juna kati don shaida. Doka ta hana ciniki a kai, ko na akuya.

Ranar wahala ake ganin amfaninsu. Da girgizar ƙasa ta yanke wayoyin birnin Meksiko a 1985, irinsu ne suka kai wa dangi labari. In salula ta ɗauke a ƙauyen Gagarawa, ga mara lafiya kwance, da me za mu kira? Matasan ekklesiya, ga abin koyo.