Ko Ka Sani? Ƙarfin Hannu Ne Ke Kashe Famfon Kicin

Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da ɗigo 86,400 kafin gobe war haka. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ƙiyasta cewa irin wannan famfo yana ɓarar da ruwa fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000. In aka auna da jarka mai lita 25 irin ta 'yan ga-ruwa, abin ya haura jarka 400. Wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar gida cikin zafin bazara yana jiran mai kura ya san nauyin wannan lissafi. To amma a gidaje da yawa me ake yi? A ƙara murɗe kan famfon iya ƙarfi. In ya ƙi, a yanko robar tayar keke a naɗe masa wuya, a tara bokiti. Murɗewar nan kuwa ita ke ƙarasa shi.

Sai an leƙa cikinsa ake gane dalili. Tsohon famfo, wanda ake juyawa sau uku ko huɗu kafin ruwa ya tsaya, ƙirarsa ba ta da wuyar ganewa. Ruwa yana tasowa ta wani rami mai zagayayyen baki na tagulla, nan ne mazauni. A samansa akwai sanda mai tiredi, a gindin sandar kuma an maƙala 'yar roba, wato washa. Ka murɗa dama, sanda ta sauka, washa ta danne bakin ramin, ruwa ya tsaya. Ka murɗa hagu, ta ɗaga, ruwa ya sami hanya.

Dabarar ta daɗe. Romawa sun yi famfunan tagulla, an tono su a Pompeii, birnin Italiya da aman dutse ya binne a shekara ta 79. Nasu wani marfi ne mai huda a tsakiya, a juya shi kaɗan hudar ta daidaita da bututu. Da biranen Ingila suka fara tura ruwa da ƙarfi cikin bututu, sai irin wannan ya gaza: yana yoyo, in kuma aka rufe shi farat ɗaya ruwan ya doki bututun har a ji ƙara a bango. A 1845 kamfanin Guest and Chrimes na garin Rotherham ya yi rajistar famfo mai sauka a hankali bisa tiredi. Washar farko ta fata ce, daga baya roba ta karɓi aikin. Jikokin wannan famfo ne ke kicin ɗin tsofaffin gidaje har yau.

Washa ba ta buƙatar danniya mai yawa. Yatsu biyu sun isa su rufe lafiyayyen famfo. In ana matse ta kullum, sai bakin mazaunin ya shata mata zobe, ta baje, ta taurare, ta tsage. Daga nan ruwa ya sami 'yar kafa. Ruwan da ke kurɗawa ta ƙaramar kafa da ƙarfi, dare da rana, yana cin tagullar kanta har ya yi mata gwalalo siriri, balle in yana ɗauke da yashi, kamar yadda ruwan rijiyar burtsatse kan zo da shi, ko ruwan gwamnati in ya dawo bayan ɗaukewa. Shi ya sa wani zai sa sabuwar washa, bayan mako guda ɗigar ta dawo, ya ce washar jabu ce, alhali mazaunin ne ya ci.

Kafin a taɓa sifana a tsaya a duba ta ina ruwan ke fita. In ta baki yake ɗiga bayan an rufe, washa ce ko mazauni. In yana tsattsafowa ta ƙarƙashin mariƙi lokacin da aka buɗe, zoben roba ko zaren da ke kewaye da sandar ne ya saki, wani lokaci ma ɗan matse ƙaramin notin sama kawai zai tsayar da shi. In kuwa ta gindin dogon wuyan nan mai juyawa yake malalowa, zobban robar da ke wurin ne suka suɗe.

Gane ciwon ba wuya. Wuyar tana wajen buɗewa, domin famfon da ya shekara ashirin ba a kwance shi ba ya zama tamkar ƙarfe guda. Abu biyu ne suka haɗe shi.

Na farko, farin ɓawon nan da ake gani a gindin butar dafa shayi. Ruwan da ya ratsa dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa don siminti a Kalambaina ta Sakkwato ko Malbaza ta Nijar, yana narkar da sinadarin kalsiyam ya taho da shi. Duk inda ɗigo ya bushe sai ya bar ɗan kaɗan. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya cike tsakanin tiredi ya daskare.

Na biyu ya fi ban mamaki. In ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin danshi, wata 'yar wutar lantarki tana gudana a tsakaninsu, ɗaya ya riƙa cin ɗaya. Sukurun baƙin ƙarfe da aka ɗaura cikin sandar tagulla shi ne ke shan kashi. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, saboda haka sukurun yana kumbura a cikin raminsa. Mariƙin da aka yi da zinki shi ma haka, sai ka ga farin gari ya manne shi da sandar, tagullar kuma ta yi kore.

Garaje ba ƙarfi ba ne, kuma a wannan aiki ne aka fi ganin haka. A fara rufe ruwa daga tanki ko daga makullin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a buɗe famfon ya tsiyaye, a toshe magudana da tsumma don kada ƙaramin sukuru ya faɗa. Sai a jiƙa wani tsumman da ruwan khal, ko ruwan lemun tsami, a naɗe wurin da ya cije. Ka kasa kunne kusa, za ka ji wani siririn sauti, ka ga ƙananan kumfa suna tashi daga farin ɓawon: tsamin ne ke narkar da shi. A bar shi awa ɗaya ko biyu, a goge da tsohon burushi, a sake naɗewa in da saura. Kada a bar shi ya kwana a kan ƙyallin famfon, yana dusashe shi. Ruwan batir kuwa kada ma a fara, yana cin tagulla yana ƙona hannu. Kada kuma a haɗa khal da bilic, haɗin yana fitar da iska mai guba.

Tsami na maganin ɓawo ne. Ita tsatsa mai take so, irin siririn man feshi da ke kurɗawa cikin tiredi. Wanda aka fi sani, WD-40, an haɗa shi a 1953 a San Diego ta Amurka, aikinsa na farko kuma kare jikin rokar Atlas daga tsatsa. A fesa, a jira, a ɗan ƙwanƙwasa gefen notin da gindin sukudireba don man ya shige. In har yanzu ya ƙi, a kwarara tafasasshen ruwa a kan notin waje, zafi zai ɗan buɗa shi. Wuta ba ta da wuri a nan, tana narkar da roba da bututun leda.

Masu gyaran famfo suna da wata dabara da na ga tana aiki ƙwarai: kafin su kwance, sai su ɗan ƙara matse notin, kaɗan ƙwarai, har su ji ya yi ƙas. Ɓawon ya karye ke nan, sai su juya hagu. Kuma ba sa aiki da sifana ɗaya. Ɗaya tana riƙe da jikin famfon, an sa tsumma a bakinta don kada ta karce shi, ɗayar tana juya notin. Wanda ya ja da sifana ɗaya yana iya murɗe bututun da ke ƙasa, aikin washa ya koma aikin fasa bango. A tabbata kuma famfon a buɗe yake lokacin kwancewa da lokacin mayarwa, in ba haka ba sandar tana tokare da mazauni.

In cikin ya fito, a sa yatsa a shafa bakin mazaunin. In farce ya maƙale a wani wuri, gwalalon ke nan. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a gurbin sandar a juya shi sau kaɗan ya goge bakin ya koma sumul. Washa kuma a ɗauki tsohuwar a tafi da ita kasuwa a gwada. Famfon kicin yawanci na rabin inci ne. Wadda ake yankowa daga tsohon silifas tana fid da mutum kunya na kwana biyu, amma ba ta jure danniya. Wajen shafa wa zobban roba mai a nemi giris na silikon. Baƙin mai da basilin suna kumbura roba, kuma ruwan nan da shi za a yi girki. Bayan an haɗa, a bar ruwa ya zuba na ɗan lokaci ya wanke ragowar mai da tsami.

Wani zai ce me ya sa ba za a sayi sabo a huta ba? Ni dai ina tare da tsohon famfon tagulla muddin jikinsa bai tsage ba. Ɗauki shi a hannu ɗaya, ɗauki mai arahar kasuwa a ɗayan, nauyin kaɗai zai gaya maka. Da yawa daga masu arahar zinki ne aka shafa wa ƙyalli, wuyansu kan karye a hannun mai ɗaurawa, tiredinsu kuma in ya lashe ba gyara. Tagulla ana goge ta, a sake mata washa, ta ƙara shekaru.

Wannan ba kushe sabuwar fasaha ba ne. Al Moen, wani ɗalibi a Seattle, ruwan zafi ya ƙona masa hannu a 1937, abin da ya sa ya ƙirƙiro famfo mai mariƙi ɗaya da ke gauraya zafi da sanyi, aka fara sayar da shi a 1947. Mafi yawan na yanzu ba su da washa sam. Wasu faifai biyu ne na tangaran mai tsananin tauri, an goge su sumul, ɗaya na zamewa a kan ɗaya, kwatan juyi ya buɗe, kwatan juyi ya rufe. Matsewa ba ta ƙara musu komai sai dai ta fasa su. Abokin gabarsu yashi ne: ƙwaya ɗaya in ta shiga tsakani ta karce su, ɗiga ta fara, kuma ba a goge su, sai dai a cire ƙwayar cikin famfon, wadda faifan ke ciki, gaba ɗaya a kai shago a nemo mai tsawo da haƙora iri ɗaya. Gidan da ke shan ruwan burtsatse, in za a sa irin wannan famfo, a fara sa matata a bakin bututun da ke fitowa daga tanki, a riƙa wanke ta duk lokacin da aka wanke tankin.