Dalma da aidin: Sinadarin da masana ke son ƙera farantin sola da shi

A sashen masu sayar da katako na kasuwar Katako da ke Jos, ana jibge falankai ɗaya bisa ɗaya. Kowane falanki na da ƙarfi, amma ana iya zare shi daga tarin cikin sauƙi. Kusan haka ginin sinadarin led ayodayid yake, wato haɗin dalma da aidin, wanda masana ke rubutawa PbI2.

A wannan haɗi, ƙwayar dalma ɗaya ce ke ɗaukar ƙwayoyin aidin biyu. Dalmar kan miƙa ƙwayoyin lantarki biyu ga aidin, sai dai ba ta sakar masa su ɗungurungum, suna tarayya a wani kaso. Ƙwayoyin kan jeru ne faifai-faifai: layin dalma a tsakiya, layin aidin a sama da ƙasa, kowace dalma kewaye da aidin shida. Ɗaurin da ke cikin faifai mai ƙarfi ne, na tsakanin faifai da faifai kuwa rarrauna ne. Shi ya sa sinadarin ke fitowa ɓawo-ɓawo mai kusurwa shida, rawaya kamar zinare.

Da shi ake haɗa ferobskait, sinadarin da ke mayar da hasken rana lantarki. A 2009 ayarin Tsutomu Miyasaka a Japan ya samu kashi 3.8 cikin 100 na ƙarfin hasken. Yanzu gwaje-gwaje sun haura kashi 25, kafaɗa da kafaɗa da farantan silikon da ke kan rufin gidajenmu.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, matsalar na nan. Danshi kan ruguza ferobskait ya mayar da shi led ayodayid, wanda ke narkewa kaɗan-kaɗan a ruwa, ƙasa da giram ɗaya a lita idan ruwan na da sanyi. Wannan kaɗan ɗin ya isa illa, domin dalma kan taru a jiki ta lalata ƙwaƙwalwar yara. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara.

Jihar Filato, wadda ake haƙar dalma a Zurak da ke Ƙaramar Hukumar Wase, na da dalilin sa ido. Kafin irin waɗannan farantai su iso kasuwanni, ya kamata hukumomi su tanadi hanyar tattara waɗanda suka fashe, kada su ƙare a bola ko kusa da rijiyoyi.